Na'urar lantarki mai motsa tsokar mara: wa take yi wa amfani a matsalar ɗigon fitsari?

Ungozoma, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Akwai wata 'yar na'ura da ta fara yawo a hannun mata, masu talla ta WhatsApp suna cewa tana tsayar da ɗigon fitsari, wasu ma sun cusa ta cikin kayan mata suna kiranta maganin matsi. Girmanta bai wuce ƙaramar waya ba, da igiya, da wata 'yar sanda mai ƙarfe gefe biyu da ake sawa a gaba. Masu jego da tsofaffi duk suna tambaya. Likitocinmu da masu gashin ƙashi (fisiyo) ku warware mana: tana aiki kuwa? Idan tana yi, ga wa, kuma yaya ake saita ta?

Likitar mata, cikin birni:
Wa alaikumus salam Sista. Kafin a taɓa na'ura sai an san wane ɗigon ne, don mu nan komai yoyon fitsari muke ce masa, alhali cututtuka ne daban-daban. Akwai wanda fitsari ke tsartuwa idan mace ta yi tari, atishawa, dariya ko ta ɗaga bokitin ruwa. Wannan raunin tsoka ne da raunin makullin bututun fitsari. Akwai wanda fitsari ke kama ta farat ɗaya, kafin ta kai bayi ya zubo, ko da jin ƙarar famfo ne ya tayar da shi. Nan mafitsara ce take matsa kanta ba da izini ba. Da yawa suna da biyun a haɗe. Sai wanda mafitsara ke cika ba ta juyewa, tana ambaliya kaɗan-kaɗan, kamar a masu ciwon suga da ya daɗe.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi damunmu a arewa: huda tsakanin mafitsara da farji, bayan doguwar naƙuda ko yankan gishiri ko tiyata. Mai wannan a jiƙe take dare da rana, a kwance ko a tsaye, ba ruwan tari. Huda ba ta rufuwa da lantarki ko za a shekara ana kunnawa. Ana sa ruwa mai shuɗin launi a mafitsara ta robar fitsari, a duba ko ya ɓullo ta farji, nan take a gane. Irin wannan asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a Zariya za a tura ta, ko asibitin koyarwa na Shika, ko na Babbar Ruga a Katsina. Idan sabuwar huda ce ƙarama, barin robar fitsari na sati 4 zuwa 6 kan sa wasu su rufe ba tiyata, don haka jinkirin da za a yi ana gwada na'ura asara ce.

Likitar gashi, Shika:
Dakta ta share hanya. To ga waɗanda ba huda gare su ba. Tsokokin ƙasan mara suna shimfiɗe ne daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙashin da ke ƙarshen gadon baya, suna tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura kamar yadda majanyi ke tallafe goyo. Jijiyar da ke ba su umarni tana fitowa daga ƙasan laka. Na'urar ba tsokar take ginawa da kanta ba, jijiyar take zungura, jijiyar ta sa tsoka ta matse.

Muna auna ƙarfin tsokar da yatsa, daga 0 zuwa 5. Sifili babu motsi, 1 ɗan ƙyaftawa, 2 matsi mai rauni, 3 matsi da ɗagowa, 4 da 5 ƙarfi sosai. Wurin na'ura shi ne mai 0 da 1, wani lokaci 2, wato matar da za ka ce ta matse ta rasa ina ne wurin ma. Wuta ta matse mata, ta ji inda abin yake, ta fara bi da kanta. Da ta kai 3, atisayen da take yi da kanta ya fi mata na'urar.

Atisayen shi ne wanda ake kira da sunan Arnold Kegel, likitan mata na Amurka da ya wallafa shi a 1948. Ƙa'idar 2019 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta ce a fara da shi na aƙalla wata 3 ƙarƙashin kulawa, matsi 8 ko fiye, sau 3 a rana, kuma ba a haɗa lantarki ga kowa da kowa, sai wadda ba ta iya matsewa.

Mai kemis, Sabon Gari:
Hajiya, na ji, amma a duba halin mutane. Mace daga Giwa ko Soba ko Maƙarfi ba za ta iya zuwa Shika sau uku a sati na wata uku ba. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya sayi na'urar, ga izinin fita, ga yara. Idan tana da ta gida tana yi kullum, ai ya fi zama haka nan tana canza zani. Ku ba mu saitin kawai mu riƙa faɗa wa masu saye.

Likitar gashi, Shika:
Malam, ban ce kada a yi a gida ba. Cewa nake zuwa ɗaya dole ne, a duba ta, a saita mata, ta koma bayan sati 4. Ga dalili: saitin da ke gyara wani ɗigon ba ya gyara wani.

Mai tsartuwa da tari ana ba ta bugu 35 zuwa 50 a daƙiƙa, abin da na'ura ke rubutawa Hz. Faɗin kowane bugu, wato tsawon lokacin da yake ɗauka, maikrosakan 200 zuwa 300, yawanci 250 (maikrosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa). Wuta ta kama daƙiƙa 5 ta saki daƙiƙa 10, don tsoka mai rauni tana buƙatar hutu ninki biyu na aikinta. A sa ta hau a hankali cikin daƙiƙa 1 ko 2, kada ta fizga. A fara da minti 10, a kai 15 zuwa 20 cikin sati biyu. Idan ƙarfi ya fara samuwa sai a mayar da shi 5 da 5, daga baya 10 da 10. Wuce Hz 50 ba ƙarin ƙarfi yake kawowa ba, gajiyar da tsokar yake yi, sai ka ji mace ta ce ranar da ta yi amfani da ita ɗigon ya fi yawa da yamma. Gajiya ce, a rage minti a ƙara hutu.

Mai kamun fitsari farat ɗaya kuwa ba matsi muke nema ba. Hz 10 ake sawa, ko tsakanin 5 da 20, ba yankewa, minti 20 zuwa 30. Wannan ɗan bugun yana bin jijiyar ji zuwa laka, laka ta kwantar da mafitsara. Ka ba ta 50 ta sha wahalar banza.

Yadda ake yi: ta yi fitsari tukuna, ta wanke hannu, ta kwanta rigingine da filo a ƙarƙashin gwiwa. A shafa jel mai ruwa a kan ƙarafan. Ƙarafan su kalli cinya da cinya, ɗaya dama ɗaya hagu, ba sama da ƙasa ba, kuma su shige gaba ɗaya, don idan gefen ƙarfe ya tsaya a bakin farji zafi za ta ji kamar cizon cinnaka. Sai a kunna daga sifili. Da farko za ta ji kamar tafiyar kiyashi, a ci gaba da ƙarawa har ta ji wurin ya tsuke ya ja ciki, amma ba ciwo. A ƙara ƙarfi lokacin da wuta take kamawa kawai. Wadda ta ƙara lokacin hutu, tana ganin ba ta ji komai ba, zagaye na gaba zai zabure ta. Duk sanda wuta ta kama ita ma ta matse tare da ita, wannan shi ne darasin gaba ɗaya. Da an gama a kashe kafin a zare.

Injiniyan kayan asibiti, Samaru:
Bari in shigo ta ɓangaren ƙarfe. Abu na farko, yawancin abin da ke kasuwa na'urar ciwon baya ce, TENS, aka sake mata kwali. Ita an yi ta ne don rage zafi, tana gudu a Hz 80 zuwa sama da siririn bugu, kuma da yawa ba su da kama-da-saki. Mai saye ya duba: tana bari a zaɓi Hz? Tana bari a zaɓi faɗin bugu? Akwai lokacin aiki da na hutu? Idan maɓallanta hoton tausa ne da duka da murza, ba ita ba ce.

Na biyu, wutar ta zama mai zuwa da dawowa, wadda kowane bugu ke soke kansa. Mai tafiya gefe ɗaya tana tara sinadari a ƙarƙashin ƙarfe guda, a fatar hannu ma tana sa ja, balle a wuri mai laushi. Na uku, batir. Masu cin batir mai bolt 9, idan aka sa musu na arha sai ƙarfi ya faɗi ana tsakar aiki, a ɗauka jiki ne ya saba. A sa batir irin alkaline. Masu caji kuma kada a kuskura a yi amfani da su suna jone da soket, ballantana a kan janareto. Wayar ma tana karyewa daga ciki, wurin da take shiga sandar, alamarta wuta ta riƙa ɗaukewa tana dawowa da fizga. Gwaji mai sauƙi: a shafa jel, a damƙe sandar a tafin hannu, a ƙara kaɗan. Idan babu ji, ko lambar tana komawa sifili da kanta, layi ya yanke.

Ungozoma, Tudun Wada:
Allah ya saka, Injiniya. Maganar jel ɗin nan a jaddada ta. Mata za su ɗauko basilin ko man kaɗanya ko man zaitun, su kuwa mai ba ya wuce da wuta, sai a yi ta ƙara ƙarfi, wutar ta taru a ɗan wurin da man bai rufe ba ta yi ƙuna. Haka masu cusa alif da sauran haɗin matsi: wurin ya bushe, fatar ta tsattsage, sa ƙarfe mai wuta a kai azaba ce. A daina cushe-cushen, a bari wurin ya warke tukuna. Kuma sanda ɗaya mace ɗaya. Ba a aron ta tsakanin kishiyoyi ko 'ya da uwa. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a shanya ta bushe, ba tafasawa, ba bilic.

Dakta, masu jego fa? Wasu tun kafin suna suke tambaya.

Likitar mata, cikin birni:
Ba kafin arba'in ba, kuma ko an yi arba'in sai jini ya ɗauke, ɗinki ya warke, an duba. Ɗigon makonnin farko da yawa yana raguwa da kansa, kuma atisaye marar na'ura ana iya fara shi a hankali tun kwanakin farko. Waɗanda ba za su taɓa ta ba sam: mai ciki ko mai zaton ciki, mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, mai ciwon sanyi da bai warke ba, na fitsari ko na farji, mai zubar jinin da ba a san dalilinsa ba, mai ciwon daji a mara. Lokacin al'ada a dakata. Mai farfaɗiya, da wadda ba ta jin taɓi a wurin, da wadda mahaifarta ta zazzago har waje, sai da likita. Mai robar tsarin iyali ta cikin mahaifa ta faɗa kafin a fara.

Wadda al'adarta ta ɗauke kuma fatar wurin ta yi siriri, sau da yawa sai an ba ta man shafawa mai sinadarin mata na estirojin na wasu makonni kafin ta iya jure sandar. Jini a fitsari kuma ba maganar tsoka ba ce. A yankin da ake noman rani da wanka a dam a fara tunanin tsargiya, a babba kuma a binciki mafitsarar da kyau.

Likitan mafitsara, Shika:
Zan ɗan ja birki, Hajiya likitar gashi ta yi haƙuri. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitanci tana tacewa, ta yi a 2017 kan mata masu tsartuwar fitsari ta nuna lantarki ya fi zama ba magani, amma ba ta samu hujjar cewa ya fi atisaye ba. To abin da ke damuna, na'ura tana sa a manta da abubuwa masu arha. A sa mace ta rubuta kwana 3: me ta sha, nawa, sau nawa ta yi fitsari, yaushe ya zubo. Mafitsarar babba tana ɗaukar kusan mililita 400 zuwa 500, kuma fitsari har sau 8 a yini ba cuta ba ne. A takardar nan za ka ga shayi kofi huɗu, ga goro, ga lemon kwalba mai sinadarin kafeyin. Za ka ga mai shan Lasix, maganin da ke sa yawan fitsari, da yamma tana kukan fitsarin dare. Za ka ga wadda ta rage ruwa don tsoro, fitsarin ya yi kauri yana ƙara tsokanar mafitsara. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu ake so, lokacin zafin Maris da Afrilu ma fiye. Taurin bayan gida, tsohon tari, ƙiba, duk suna danna tsokar. Mai ƙiba da ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta tana ganin sauƙi.

Sannan a auna abin da ke saura bayan fitsari. Idan ana samun fiye da mililita 150 a kai a kai, to in aka ba ta saitin kwantar da mafitsara an ƙara mata ciwo.

Likitar gashi, Shika:
Dakta, ba mu saɓa ba sai a wuri ɗaya. Bincike yana kwatanta taron mata, ni kuwa ina maganar wadda ke kan sifili. Ka ce mata ta yi atisaye, sai ta yi yunƙuri kamar mai naƙuda, tana tura wurin ƙasa, ko ta matse ɗuwawu da cinya ta riƙe numfashi. Wata uku tana haka, abin ya ƙaru, ta ce atisaye ƙarya ne. Irin wannan sati 4 zuwa 6 na lantarki kan nuna mata hanya. Kalmar da ta fi shiga kunne ita ce: ki yi kamar kina riƙe tusa a cikin mutane, sannan ki ja sama. Ana iya ɗaura shi da salloli, bayan Asuba, La'asar da Isha'i, matsi 8 zuwa 10 kowanne a riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, sai gajeru masu sauri 10. Kuma ta koyi matsewa kafin tari ko ɗaga kaya. Tsayar da fitsari ana tsakar yi ba atisaye ba ne, kada a mai da shi al'ada.

Akwai kuma waɗanda tsokarsu a ɗaure take, ba rauni ba: zafi wajen saduwa, fitsari da ƙyar, ciwon mara. Su saki za a koya musu. Ba su Hz 50 kamar ƙara wa mai ɗaurewar jijiya kaya ne.

Nas, Kongo:
Anti, akwai 'yan mata da ba su yi aure ba, da dattijai mata da ko kusa ba za su yarda da sanda ba. Sai maza bayan tiyatar furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Su fa?

Likitar gashi, Shika:
Ga masu kamun fitsari farat ɗaya akwai hanyar ƙafa, ba a ma buɗe jiki. Wata jijiya tana wucewa ta bayan idon sawu na ciki, kuma tushenta ɗaya da jijiyoyin mafitsara. A manna facin na'urar, mai liƙewa a fata, ɗaya a bayan idon sawun, ɗayan kamar santimita 10 sama da shi. Hz 10, faɗi 200, minti 30. A ƙara har babban yatsa ya lanƙwashe ko yatsu su baje, alamar an samu jijiyar ke nan, sai a rage kaɗan zuwa inda za a jure. Sau 2 a sati na sati 6, ko fiye. Nan kam TENS ɗin da Injiniya ya kushe tana yi, in dai tana karɓar saiti. Irin ta allura da ake yi a asibiti minti 30 ce sau ɗaya a sati har sati 12. Lokacin hunturu faci ba ya kama busasshiyar ƙafa mai kaushi da mai, a wanke a goge tukuna. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu ba ya jin ƙuna, a kula. Amma hanyar ƙafa ba ta ƙarfafa tsoka, mai tsartuwa da tari ba za ta amfana ba. Ita sai faci a waje, tsakanin gaba da dubura, kuma bai kai sanda kamawa ba.

Likitan mafitsara, Shika:
Maza kuwa akwai siririyar sanda ta dubura ko faci a waje, amma ba a farawa sai an cire robar fitsari, ciwo ya warke, likitan da ya yi aikin ya yarda, musamman idan daji ne dalilin tiyatar. Yawancinsu suna samun sauƙi cikin wata 6 zuwa 12 da atisaye. A ce masa ya yi kamar yana janye mazakuta ciki yana ɗaga 'ya'yan maraina, ya duba a madubi zai ga motsin. Dattijon da ba a yi wa tiyata ba yana ɗigo kuma, a fara zargin toshewa, ba rauni ba.

Likitar mata, cikin birni:
Saura waɗanda aka ɗinke wa huda amma ɗigo bai tsaya ba, kuma suna da yawa. Da farko a sake gwajin shuɗin ruwa a tabbatar ɗinkin ya riƙe. Ba abin da zai shiga farji, har da sandar nan, sai likitan ya sallama, aƙalla wata 3. Idan naƙudar ta cinye bututun fitsarin ya gajarce, ko tabo ya ƙanƙance wurin, tiyata ta biyu ce magani. Wadda ta fito daga naƙuda tana jan ƙafa, alama ce jijiyoyin ƙugu sun matsu, kuma inda jijiya ta mutu gaba ɗaya wuta ba ta da abin zungura. Jijiyar da ta ji rauni kawai takan farfaɗo cikin watanni, shi ya sa ake sake aunawa maimakon yanke hukunci rana ɗaya.

Mai kemis, Sabon Gari:
To na karɓa, sai da takardar asibiti. Tambaya biyu: da azumi fa? Kuma yaya mai saye za ta san kuɗinta bai tafi a banza ba?

Likitar gashi, Shika:
Hukuncin azumi na malamai ne, amma ba sai an kai can ba, a mayar da zaman bayan an sha ruwa ko bayan asham. Sai dai ruwan da ake ɗurawa tsakanin Magariba da sahur zai ƙara fitsarin dare, kada a ɗora wa na'ura laifi.

Awo kuma da sikelin masu yin kek ake yi. A auna busasshiyar audugar mata, a auna ta bayan an cire, giram ɗaya mililita ɗaya ne. A tara na awa 24 a leda mai ɗaurewa don kada ya bushe, a rubuta kafin a fara, a sake a sati na 6 da na 12, ranar da aikin gida ya yi kama da na farko. Idan sati 12 ya cika ana yi yadda ya kamata lambar ba ta motsa ba, a ajiye na'urar a koma wurin su Dakta, akwai ƙwayoyi irin su solifenacin ga masu kamun fitsari, akwai zoben roba da tiyata ga masu tsartuwa.

Injiniyan kayan asibiti, Samaru:
Sikelin ya zama mai nuna giram ɗai-ɗai, Hajiya. Na masu awon nama da ke tsalle da giram 50 ba zai ga komai ba.